Noman Lambu a Kewayen Birnin Kano

Noman lambu a kewayen Kano sana'a ce ta shuka kayan miya da ganyaye a fadamu da gaɓar rafukan da suka ratsa birnin, musamman Jakara da Getsi. Ana yin sa galibi da rani. Manoma kan shuka alayyahu, latas, kabeji, karas, tumatir da albasa, su kai kasuwanni irin su 'Yankaba da sassafe, tun kayan ba su yi yaushi ba.

Alaƙar birnin da gonakin da ke zagaye da shi daɗaɗɗiya ce. Tun zamanin kakanni ake ɗauko taki, toka da shara daga cikin gari a kan jakuna a zuba a gona, jakunan su koma ɗauke da itace da hatsi. Wannan musaya ce ta sa ƙasar ke jure noma kowace shekara ba hutu, abin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya daɗe yana nazari a kai.

Amfanin noman lambu ga wadatar abinci a bayyane yake: kusancin gona da kasuwa yana rage kuɗin mota da asarar kaya, talaka ya samu na miya da sauƙi.

Babbar damuwar ita ce ruwa. Dagwalon masana'antun Bompai, har da na majemu, yana kwarara cikin Getsi, kuma da shi wasu ke ban ruwa. Gine-gine ma suna ta cinye fadamun.