Daga Zangon Shanu Zuwa Filin Ƙwallo: Masu Horar da Yara a Nima

Ɗan'uwa, in ka taɓa sauke kaya a Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, da wuya ba ka kwana a Nima ko Mamobi ba. To, wannan Nima da kake gani cunkus da gidaje, asalinta makiyaya ce. A farkon shekarun 1930 wani Bafillace mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi filin a hannun mutanen Ga, domin dabbobin da aka koro daga arewa su huta kafin a kai su kasuwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu aiki ya buɗe a barikokin soja da ke kusa, baƙi suka yi ta zuwa, gidaje suka cinye makiyayar.

Shanu sun tashi, amma kiwo bai ƙare ba, yara ne suka maye gurbinsu. A Ghana akwai tsohon tsarin ƙungiyoyin ƙwallon yara na unguwa. Wanda ke riƙe da irin wannan ƙungiya, da la'asar za ka same shi a fili irin na Kawukudi, da usur a wuya. Shi ne mai koyar da wasa, shi ne mai sa gudu, in yaro ya gurɗe shi zai shafa masa man zafi, in karaya ce ya ɗauke shi sai gidan maɗori. Albashi kuwa babu. Sau da yawa ma daga aljihunsa kuɗin mota ke fita.

Nima ta ga amfanin wannan wahala. Mohammed Polo, gwanin yanka na Hearts of Oak, yana cikin waɗanda suka ci wa Ghana kofin Afirka a 1978, daga baya shi ma ya koma horarwa. Na kwanan nan shi ne Mohammed Kudus, haifaffen Nima a shekarar 2000. Ya fara a ƙungiyar unguwa mai suna Strong Tower, makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, ya wuce Denmark a 2018, Ajax ta saye shi a 2020 kan yuro miliyan 9, sannan West Ham ta Ingila a 2023.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne, don kai ka san ciniki. Wanda ya yi wa maraƙi dawainiya tun yana tangaɗi, da wanda ya sayar da sa a kara, wa ya fi cin riba? Hukumar FIFA ta ga wannan, shi ya sa tun 2001 ta ce in aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi. Sai dai lissafin yana farawa ne daga shekara 12 zuwa 23. Duk abin da aka zuba wa yaro kafin nan, sai dai lada. Kuma ko a cikin shekarun, in ba a yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyarka ba, kamar sa ne da ba shaida a jikinsa, ba ka da bakin magana. A ganina nan ne aka fi kwarar masu horarwa na zango, domin akasarinsu da amana suke aiki, ba da takarda ba.

Aikin kansa ma ya rabu. Abin da mutum ɗaya ke yi a da, yau a manyan ƙungiyoyi na mutum uku ne: mai tsara wasa, mai gina ƙarfin jiki, da mai kula da rauni. Kowanne da karatunsa. Takardar horarwa hawa-hawa ce, daga D zuwa C, B da A, kuma hukumar ƙwallon Ghana na yin kwasa-kwasanta a cibiyarta ta Prampram. Ilimin motsa jiki ana yinsa a jami'ar Winneba, na gashi da gyaran gaɓoɓi kuma a Korle Bu.

Saboda haka in ɗanka ya ce wannan hanya zai bi, kar ka yi saurin cewa zaman banza ne. Tambaye shi wanne daga cikin ukun yake nufi, kuma ina zai samo takardarsa. In ko ƙungiyar yara zai kafa, ya fara da littafin rajista kafin ya sayi riguna.