Daga Akwatin Link Zuwa Wayar Hannunka: Yadda Aka Fara Koyon Tuƙin Jirgi A Ƙasa

Yau ba gyaran waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa.

Abin da ya jawo maganar, kwanakin baya wani ƙanen abokina ya shigo shago riƙe da rimot ɗin ƙaramin jirgi, FlySky FS-i6, da wani buhu. A cikin buhun jirgin ne, ko in ce abin da ya rage na jirgin. Yaron ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayo inji da batir da rimot daga Kano, ya yanka jikin da farin soson nan na cikin kwalin talabijin. Tashin farko, ko daƙiƙa 10 bai yi a sama ba ya dawo ya daki ƙasa. Na duba injin, lafiya lau. Matsalar hannu ce. Jirgi in ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa, kafin ƙwaƙwalwa ta gama lissafi an gama ɓarna.

To yaya mutum zai koyi tuƙi ba tare da ya fasa jirgi ba? Wannan tambayar ta girmi kakanninmu da yawa.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka Kano bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga nan ake fara lissafin tarihin jirgin sama a ƙasar nan. A wancan zamanin babbar hanyar koyon tuƙi ita ce: ka hau tare da malami, ku tashi, in ka yi kuskure ku biyu ne a ciki.

Wanda ya canza wannan wani matashi ne a garin Binghamton na Amurka, Edwin Link. Kuɗin darasin tuƙi ya yi masa tsada. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa irin masu aiki da iska, sai ya kwashi zugazugi da famfon iska na wurin ya haɗa wani akwati mai kujera da sanda, wanda in ka tura sandar zai karkata kamar jirgi. Ya kammala a 1929. Ni abin da ke burge ni da labarinsa ke nan, da kayan da ke gabansa ya yi aiki, kamar yadda muke cire kaya daga mataccen fanel mu tayar da wata wayar. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, wuraren wasa ne suka fi saye. Sai a 1934 aka ba sojan saman Amurka aikin jigilar wasiƙu, cikin 'yan watanni matuƙa fiye da 10 suka mutu, da yawansu saboda ba su saba tuƙi cikin dare da hazo ba. Nan aka tuna da akwatin Link, aka sayi guda 6. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera fiye da 10,000.

Wannan na manyan jirage ne. Ƙananan da ake tuƙawa daga ƙasa su ma da nasu tarihin. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan kwalekwale da yake juyawa da rediyo a New York. A 1937 wasu tagwaye, Walter da William Good, suka tashi ƙaramin jirginsu mai suna Guff da rediyon da suka haɗa da hannunsu. Amma rimot ɗin farko kunnawa da kashewa kawai ya sani, ko ka karya kwana gaba ɗaya ko ka bari.

A farkon shekarun 1960 ne wasu injiniyoyi biyu a California, Don Mathes da Doug Spreng, suka fito da dabarar da har yau take cikin rimot ɗin yaron nan. Ku natsu a nan, don ita ce gindin maganar. Rimot yana duba inda kowace sanda take, sai ya mayar da wurin zuwa tsawon lokaci. Ka raba daƙiƙa ɗaya gida 1000. In sandar tana can ƙarshe ɗaya, tazarar bugun lantarki gida 1 ce. In tana ɗaya ƙarshen, gida 2. In tana tsakiya, 1 da rabi. Sai a jera su a layi, na karkata, na ɗaga hanci, na totur, na wutsiya, a ɗan huta, a sake, kusan sau 50 a kowace daƙiƙa. Sunan wannan jerin PPM, kuma waya biyu kacal yake buƙata, ta sigina da ta giraun.

Da wannan aka samu abin da ya fi kama da koyon mota wurin oga. Aka buɗe wani rami a bayan rimot, a haɗa na malami da na ɗalibi da kebul. Malami ya danne maɓalli, ɗalibi ke tuƙi. Ya ga za a yi asara, ya saki, tuƙi ya dawo hannunsa. Ku juya rimot ɗinku, wannan zagayayyen ramin na baya shi ne. Ba don kwamfuta aka yi shi ba.

Da kwamfuta ta shiga gidaje sai masu tunani suka ce, ai maimakon rimot ɗin malami, a kai siginar nan cikin kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1990 manhajar RealFlight ta fito, ta kuɗi ce. Wasu Jamusawa biyu, Roman da Michael Möller, suka saki tasu kyauta mai suna FMS, kuma ita ce ta koyar da talakawan wannan harka a duniya. Sai dai haɗin ne wahala. Kwamfutocin lokacin babu USB ko'ina, sai ka yi solda ka shiga ta ramin firinta ko wani tsohon rami mai fil 9.

Dabarar da ta fi yi mini daɗi ita ce ta SmartPropoPlus. Tunda PPM bugu ne mai maimaituwa, in ka kai shi sifika za ka ji yana ƙugi, ka motsa sanda ƙugin ya ɗan canza. Wato sauti ne. To kwamfuta kuwa tana da kunne, ramin makirfo. Manhajar tana sauraron ƙugin, ta auna tazarar, ta miƙa wa wata mai suna vJoy, ita kuma ta ce wa Windows ai abin buga gem aka jona. Tsohon jak ɗin iyafis da waya biyu sun wadatar. Irin wannan na fara haɗa wa yaron. Amma gargaɗi ga masu son gwadawa: wasu rimot suna fitar da wutar batir ta ɗaya daga cikin fil ɗin ramin. Ka sa mita ka auna kafin ka ɗora ayan, in ba haka ba sashen sautin kwamfutarka ne zai biya.

Bayan haka ƙananan dongul na USB daga China suka cika kasuwa, su ke yin fassarar da kansu. Sannan rimot masu manhajar OpenTX, irin Taranis da ya fito a 2013, da EdgeTX da ta biyo baya a 2021, suka kashe maganar gaba ɗaya: ka soka USB, ka zaɓi Joystick a fuskar rimot, shi ke nan. A Windows ka rubuta joy.cpl ka ga sandunan suna motsi. A wayar Android kuwa kan OTG kawai za ka ƙara, ka sauke irin su PicaSim, ka saita kowace sanda da aikinta. Ba kowace waya ke karɓar OTG ba, wasu kuma sai ka kunna shi a saitin. Abin da Link ya cika ɗaki da zugazugi don ya samu, ga shi a Tecno.

Kada wani ya ce wasan yara ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da ɗalibanta da irin waɗannan na'urori na kwaikwayo. Jirage marasa matuƙi da sojan samanmu suka nuna a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, daga ƙasa ake tuƙa su, mutum na zaune gaban allo. Yaran da ke ƙera jirgin kara da na gwangwani a Tsaskiya, ba basira suka rasa ba.

Mu nan kuma akwai dalilin da ya wuce asarar soso da farfela. Tun 2016 hukumar NCAA ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ko babu doka, kowa ya san halin da Batsari da Safana suke ciki da dajin Rugu a gefenmu. Ka tashi wani abu mai ƙugi a sama a bayan gari, mutane za su firgita, jami'an tsaro za su tambaye ka wa kake wa leƙe, waɗanda ke daji kuma ba tambaya za su yi ba. A ganina duk mai son harkar nan a yankinmu ya tsaya a allo tukuna. Wani alherin, in ka riga ka sauke manhajar ba ta neman data. Wanda ya ga watannin da aka rufe mana sabis a 2021 ya san darajar wannan.

Yaron yanzu kusan kullum bayan la'asar yana zuwa, ya zauna kan benci ya jona rimot da wayarsa. Satin farko faɗuwa kawai yake, ya danna ya sake. Jiya na ga ya juyo da jirgin yana fuskantarsa, ya karya kwana daidai, ya sauke shi a kan titin sau 3 a jere. Na gasken yana ƙarƙashin teburina cikin buhunsa. Mun liƙe fiffiken da gam, saura farfela da za a taho mana da ita daga Kano.