"Champ de force": asalin katangar da ba a gani a fina-finan sararin samaniya

Mai yawan kallon fina-finan sararin samaniya da aka juya zuwa Faransanci ya saba jin kalmomi biyu: champ de force da bouclier. Da zarar abokan gaba sun buɗe wuta, sai shugaban jirgi ya ba da umarni a ɗaga garkuwa, makamai su yi ta tarwatsewa a jikin wata katanga da ido ba ya gani. A Ingilishi sunanta force field, a Hausa ana iya cewa "filin ƙarfi". Daga wajen masana kimiyya aka aro sunan, amma ma'anarsa a fim ta yi hannun riga da ma'anarsa a wajensu.

Tushen kalmar yana komawa ga Michael Faraday, ɗan Ingila da ya rayu daga 1791 zuwa 1867, wanda ya fara da aikin yaron shago a wajen mai ɗinka littattafai. In aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, aka sa maganaɗisu a ƙarƙashinta, garin yakan jeru cikin lanƙwasassun layuka. Faraday ya kira su "layukan ƙarfi", kuma a 1845 ya soma kiran sararin da ke kewaye da maganaɗisu "fili". A 1865 James Clerk Maxwell ya zuba wannan tunani cikin lissafi. A wajen su biyun fili ba shi da baki ko iyaka: yana bazuwa ko'ina, yana raguwa a hankali yayin da ake nisa da shi. Ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi ma fili ne, kuma bai taɓa tare dutsen da aka jefo ba.

Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ne suka mai da filin katanga. Tun a 1912 William Hope Hodgson, cikin littafinsa The Night Land, ya kewaye mafakar ƙarshe ta ɗan Adam da da'irar lantarki mai hana dodanni shiga. Amma a mujallun Amurka masu araha ne abin ya kafu, musamman a labaran E. E. Smith, wanda Amazing Stories ta buga masa The Skylark of Space a 1928. Jiragensa kan yi yaƙi cikin labule bisa labule na ƙarfi, kowane da irin makamin da yake tarewa. A wancan zamani kowa da sunan da yake ba abin: allo, labule, bango, yankin ƙarfi. Daga shekarun 1930 force field ya yi ta rinjayar sauran.

Labarin La Guerre des mondes ya nuna dalilin da ya sa aka rungumi wannan dabara. A littafin H. G. Wells na 1898, injunan mutanen duniyar Mars ba su da wata katanga: igwa ta kayar da ɗaya, jirgin ruwan yaƙi ya hallaka wasu. Da aka mai da labarin fim a 1953, shekara takwas bayan Hiroshima, babu mai kallon da zai yarda maharan da igwa ke kayarwa abin tsoro ne. Sai aka lulluɓe injunan da filin ƙarfi wanda ko bam na nukiliya bai fasa ba. Makaman duniya ne suka girma, dole garkuwar labari ta bi su.

Sai dai garkuwar da ba ta fasuwa takan kashe labari, shi ya sa gwanintar marubuci take fitowa a wajen makarinta. A nan babu kamar Frank Herbert a Dune, na 1965. Garkuwarsa tana tare duk abin da ya zo da gudu, amma abin da ya zo a hankali yana ratsa ta. Saboda haka harsashi ya zama banza, mutanen da ke ƙetara taurari suka koma faɗa da wuƙa, gwani kuwa shi ne wanda ya iya rage saurin hannunsa daidai lokacin suka. In aka harbe ta da bindigar haske, fashewar kan ci mai harbi da wanda aka harba. A hamadar Arrakis kuma kunna ta ganganci ne, don tana haukata manyan tsutsotsin rairayi. Wanda ya san zancen maganin ƙarfe na ƴan tauri ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma an ce da makarinsa.

Talabijin da silima ne suka kai kalmar kowane gida. Star Trek, tun 1966, ya saba wa masu kallo da garkuwar da ke raguwa kashi-kashi a tsakiyar yaƙi, da kurkukun da ba shi da ƙyaure. A Independence Day na 1996 da cutar kwamfuta aka kashe garkuwar mahara, a Avengers: Infinity War na 2018 kuma ita ce rumfar da ta rufe Wakanda.

A zahiri har yanzu babu na'urar da ke tare harsashi da fili kawai. Abin da filin maganaɗisu ke iya karkatarwa shi ne ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki. Haka filin maganaɗisun ƙasa yake kare ta daga iskar da rana ke fesowa, kuma da shi ake shirin tsare iskar gas mai tsananin zafi a tashar gwaji ta ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa. Mafi kama da na fim ita ce "tagar plasma" da Ady Hershcovitch ya ƙera a cibiyar Brookhaven ta Amurka a shekarun 1990: tana raba iska da wurin da babu iska ba tare da gilashi ba, amma faɗinta bai wuce ƴan santimita ba, ga ta da cin lantarki.