Tseren Sabobin Fayil: Abin da Gwajin 1999 Bai Auna Ba

A watan Afrilun 1999, wani kamfanin gwaje-gwaje na Amurka mai suna Mindcraft ya fitar da rahoton da ya tada ƙura a duniyar kwamfuta. Ya ce Windows NT ta ninka Linux sau biyu da rabi wajen saurin aikin sabar fayil, wato kwamfutar da ke ajiye takardun ma'aikata tana raba su ga sauran kwamfutocin ofis. Da ta bayyana cewa Microsoft ce ta ɗauki nauyin gwajin, kuma an gyara wa NT zama an bar Linux kara zube, sai ma'abota buɗaɗɗiyar manhaja suka yi fatali da sakamakon.

An sake karawa a watan Yuni a ɗakin gwajin mujallar PC Week, a gaban masanan Linux. Tazarar ta ragu, amma NT ta sake yin galaba. Kayen ya zama gobarar Titi, domin ya tona inda Linux ke sarƙewa a kwamfuta mai furosesa fiye da ɗaya, aka duƙufa gyara har Linux 2.4 ta fito a Janairun 2001.

Su ma buɗaɗɗun manhajojin suna da nasu tseren. A shekarar 1999 ɗin, kwamfuta guda ta kamfanin Walnut Creek CDROM, mai aiki da FreeBSD, ta aika da fayiloli fiye da terabayit ɗaya a kwana guda. A 2003, Bajamushe Felix von Leitner ya gwada Linux da FreeBSD da NetBSD da OpenBSD a kan na'ura ɗaya, don ganin wadda ta fi jure nauyin aiki. Linux 2.6 ta zo kan gaba, OpenBSD ta zo ƙarshe. Cikin makonni biyu masu NetBSD suka toshe yawancin ɓarakar da gwajin ya nuna, abin da ya yiwu saboda kowa yana iya karanta rubutun manhajar.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. A ƙarshen Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, saboda yaƙi da 'yan bindigar daji, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk wanda takardunsa suke ajiye a intanet, ya rabu da su ke nan na tsawon wata biyu. Ga asibiti ko makaranta a gari irin Kakangi, saba mai zama a cikin gini ita ce rumbun gida, kuma abin tambaya a kanta shi ne halin da fayil zai shiga idan batirin sola ya mutu ana tsakiyar rubuta shi.

Amsar wannan ta zo ta wata hanya dabam. Tsarin ajiya na ext3, wanda ya shiga Linux a 2001, yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, don a san inda aka tsaya. ZFS kuwa, wanda kamfanin Sun ya saki a 2005 kuma ya shiga FreeBSD a 2008, ba ya taɓa tsohon kwafi sai sabon ya kammala. Jami'in da zai sayo wa ma'aikatarsa saba, kafin ya dubi jadawalin sauri, ya sa a zare mata fulogi tana cikin aiki, sannan a kunna a ƙirga abin da ya tsira.