Kukis na intanet da tambayar izini da ke tare mai karatu

Kuki, jam'insa kukis, ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet yake ajiyewa a cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, irin su Chrome da Firefox da Safari. Yawanci abin da ke cikinsa lamba ce. Idan mutum ya sake zuwa, burauza ta miƙa wa shafin lambar, shi kuma ya gane baƙon jiya ne ya komo, kamar katin da mai gadin babura yake ba ka a bakin kasuwa. Lou Montulli, ma'aikacin kamfanin Netscape, shi ya ƙirƙiro shi a 1994. Kuki ba cutar na'ura ba ne, kuma ba ya buɗe hotuna ko saƙonnin da ke cikin waya.

Kukis kashi biyu ne. Akwai na mai gida, wanda shafin da ka buɗe ya ajiye da kansa don ya tuna ka shiga da sunanka, ko harshen da ka zaɓa, ko kayan da ka ware za ka saya. Akwai kuma na baƙo, wanda wani kamfani dabam ya ajiye ta hanyar talla ko bidiyo ko maɓallin Facebook da aka liƙa a shafin. A nan bibiya take. Kamfanin talla guda yana da hannu a dubban shafuka, duk inda ka je lambar nan ɗaya yake gani. Yau ka nemi maganin ciwon suga, gobe kuɗin jirgi zuwa Jidda, jibi hukuncin saki. Kowane ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan aka jera su, an san halin da gidanka yake ciki fiye da yadda maƙwabcinka ya sani. Da wannan bayani ake gwanjon gurbin talla tun shafi bai gama buɗewa ba.

Akwatin da ke tare mai karatu yana neman izini daga Turai ya samo asali. Tarayyar Turai ta yi doka a 2002, ta gyara ta a 2009, inda ta wajabta neman yarda kafin a ajiye kukin da ba dole ba ne. Dokar GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta tsananta ma'anar yarda, kuma a Oktoba 2019 kotun Tarayyar ta yanke cewa gurbin da aka riga aka sa wa alamar amincewa ba yarda ba ne. Shafuka da yawa ba sa tantance inda mai karatu yake, shi ya sa tambayar take iske mu a Yamai da Kumasi.

Kamfanoni sun bi dokar da wayo. Maɓallin yarda babba ne mai launi, na ƙi kuma an ɓoye shi bayan allo biyu ko uku, don mutum ya gaji ya miƙa wuya. A kan haka hukumar CNIL ta Faransa ta bayyana a Janairu 2022 cewa ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamakin wannan hukunci ba, domin a babin ciniki yarda sharaɗi ce, kuma jahiltar abin da aka ƙulla a kansa aibi ne.

To, me za a latsa? A latsa na ƙi: «Tout refuser» ko «Continuer sans accepter» a Faransanci, «Reject all» a Ingilishi. Shafin zai yi aiki, domin kukis ɗin da ba ya tafiya sai da su ba sa cikin tambayar. Idan babu wannan maɓalli, a shiga zaɓuɓɓuka a kashe komai, a kuma duba sashen da ake kira «intérêt légitime», don sau da yawa a kunne ake barinsa. Wasu jaridun Turai suna cewa ko ka yarda ko ka biya. A nan sai mutum ya auna ko labarin ya kai. Ka sani, ɗan'uwa, ƙin da ka yi shi ma a cikin kuki ake adana shi, saboda haka wanda ya share kukis duka zai sake ganin tambayar.

Abin da ya fi latse-latse amfani shi ne toshe kukis na baƙo daga burauza. Firefox tana toshe na masu bibiya tun 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a 2020 zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya fasa, don haka mai Chrome sai ya shiga saitin sirri ya toshe da hannunsa. Shafin sirri da ake kira Incognito kuwa, tarihin da ke kan wayar kawai yake gogewa. Bai ɓoye ka daga kamfanin layinka ba, balle shafin da ka ziyarta.

Amma mafi yawanmu a manhajojin waya muke wuni, kuma can bibiya ba ta buƙatar kuki. Tana tafiya da lambar talla da ke cikin wayar da kuma bayanin wurin da mutum yake. A Nuwamba 2020 kafar Motherboard ta ruwaito cewa manhajar lokutan salla ta Muslim Pro tana aika bayanan wuraren masu amfani da ita ga kamfanin X-Mode, wanda cikin masu sayensa akwai ƴan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayani, suka ce sun yanke hulɗa da kamfanin. A Janairu 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu hatsari ga sirri, har da wuraren ibada. Lissafin lokacin salla garinka kawai yake buƙata, kuma yawancin irin waɗannan manhajoji suna bari a rubuta sunan gari da hannu. Mai Android ya shiga saitin Google, sashen talla, ya goge lambar talla. Mai iPhone kuma, tun 2021 dole manhaja ta nemi izininsa kafin ta bibiye shi. Sai ya hana.

Akwai nauyi a kan ƙungiyoyi da makarantu masu shafuka. Wanda ya liƙa maɓallin Facebook ko bidiyon YouTube a shafinsa ya buɗe wa waɗannan kamfanoni ƙofar ganin baƙinsa, kuma kotun Turai ta yanke a 2019 cewa mai shafin da ya sa maɓallin Facebook yana da kaso a alhakin. Mai neman fatawa kan matsalar aurensa ya zo ne bisa amana, kuma hanin bin diddigin asirin mutane sananne ne a Suratul Hujurat. YouTube yana da zaɓin liƙa bidiyo mai rage bibiya, sai a umarci mai kula da shafi ya yi aiki da shi. Dokokin gida ma sun shafe mu: Ghana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Nijar a 2017, Najeriya a 2023.