Bashin Ci Gaba: Yadda Marubutan Hausa Suka Koyi Cika Alkawari

Duk wanda ya taɓa sakin labari kashi-kashi da Hausa ya san tambayar da ke biyo baya: "Ina ci gaban?" Da wuya mai karatu ya tambaye ka inda ka samo jigo ko yadda ka gina tauraruwar labarin. Damuwarsa ita ce ranar da na gaba zai fito. Mu da muka shigo harkar daga garuruwan Jigawa, tsakanin Garki, Ringim da Dutse, mun tarar da wannan tambaya ta girme mu, kuma ita ke tace waɗanda suka zauna daga waɗanda suka leƙo suka wuce.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da wa'adi ya fara. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubutu daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam na editanta. Jarida ba ta jiran ranar da zuciyar marubuci ta yi fari. Lokacin bugu na zuwa dole a cike shafi. Sai dai mutanen wancan zamani suna da hukuma a bayansu: ga albashi, ga maɗaba'a, ga mai bibiyar aiki.

Mu namu zamanin a shekarun 1980 ya soma, lokacin da takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka ce bari mu buga da kanmu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya, daga baya Alhaki Kwikwiyo Ne. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga kusan kowane lungu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka haɗa kan marubuta, manazarta kuma suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano.

Tsarin ya tilasta naci ta hanyar aljihu. Ka rubuta labarinka da biro a littafin makaranta, ka kai wa mai keken rubutu, ka harhaɗa kuɗin takarda da na maɗaba'a, ka buga na ɗaya. Cinikin na ɗaya ne zai buga na biyu, na biyu ya buga na uku. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu shagon haya. Littafi guda sai ya zaga gidaje har bangonsa ya yage, a liƙe shi da salatif, gefen shafukan su yi baƙi da maiƙon hannu. Uwargida ta aiki yaro da kuɗin haya ya karɓo na biyu, ya dawo ya ce ba a kawo ba. In aka yi haka sau da yawa, sai mai shago ya daina sayen littafinka, dillali ma ya daina karɓa. Babu wanda zai zage ka. Mantawa da kai za a yi.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, amma kasuwar littafi ba ta taso daga Kano ba. Marubucin Garki sai ya shiga motar Kano ya kai rubutu, ya koma ya duba gyara, ya sake komawa Sabon Gari ya bi dillalai kuɗinsa. Da yawa masu basira a kuɗin mota suka tsaya. Amma wahalar ta yi wani amfani: ba ka kama hanya da rabin labari. Kafin ka fito ka riga ka san inda za ka sauke.

Daga baya finafinai suka janye wasunmu zuwa rubutun fim. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta matsa wa marubuta lamba kan rajista. Kasuwar takarda ba ta sake komawa yadda take ba. Sai waya ta zo. Yau yarinya a Garki tana iya taifin a ɗakinta bayan isha'i, kafin asuba an karanta a Maraɗi da Jidda, ta WhatsApp, Facebook ko Wattpad, ba tare da ta ga tashar mota ba.

Nan ne matsalar ta sauya kama. Da, farawa ne ke da tsada. Yanzu farawa kyauta ne, shi ya sa labaran da aka yasar a tsakiya suka yi yawa. Sabon marubuci ya fara da zafi, yana sakin shafi kullum. Sati biyu, sai rashin wuta, data ta ƙare, jarrabawa ta zo, damina ta kira mutane gona, ko kuma shirun masu karatu ya karya masa gwiwa. Sai ka ga an rubuta "ku yi haƙuri da jina shiru," daga nan kuma shirun ya zarce. Mafi muni shi ne wanda ya karɓi kuɗin littafi kafin ya gama, domin a nan alkawarin ya zama haƙƙi.

Waɗanda suka ɗore a cikinmu, dabararsu kusan ɗaya ce. Ba sa sakin shafin farko sai sun tara ajiya, kamar yadda manomi ba ya taɓa rumbu sai ya lissafa watannin da suka rage kafin kaka. Suna yanke ranakun da za su iya, ko da biyu ne a mako, su sanar, su tsaya a kai. Suna sanya azumi da biki da jinya a lissafi tun kafin su zo. Suna rubuta ƙarshen labari a gefe tun farko, don kada surutun masu karatu ya ja su ya kai su inda ba mafita. Gasa ma tana taimakawa: tun da BBC Hausa ta fara Hikayata a 2016, mata da yawa sun koyi abin da ƙarnin Imam ya sani, cewa ranar rufe karɓa ba ta sauraron uzuri.

Shi ya sa idan sabon shiga ya turo mini shafinsa na farko yana neman in yaba, nakan ce masa: "Ƙanena, turo mini na goma." In yana da shi, sai mu zauna mu yi maganar salo. In babu, nakan ce ya riƙe na farkon tukuna, ya je ya rubuto sauran.