Kalmar Sulhu Daga Roma Zuwa Treichville

Kalmar Latin reconciliare tana nufin mayar da waɗanda suka ɓata kan zumuncinsu na da. Gaɓar re na nufin sake yin abu, conciliare kuwa haɗa kan mutane ne, kuma ta fito daga concilium, wato majalisa ko taron da aka kira. A wurin Romawa ke nan, mai sasantawa shi ne wanda ya sake kiran mutane su zauna wuri ɗaya. Daga nan Faransanci ya sami réconciliation, kalmar da ta daɗe a bakin 'yan siyasar Kodebuwa: an yi taron ƙasa da sunanta a 2001, sannan bayan rikicin zaɓe Shugaba Alassane Ouattara ya kafa mata hukuma a 2011, ƙarƙashin Charles Konan Banny.

Bahaushen Abidjan yana da tasa kalmar tun kafin wannan. Sulhu daga Larabci ya zo, tushensa ɗaya da maslaha da salihi, ma'anarsa gyara abin da ya ɓaci. Almajirai sun san shi daga labarin Hudaibiyya na shekarar 628. Fataken da suka zauna a unguwannin Treichville da Adjamé na Abidjan sun zo da al'adar sulhu tare da kayansu. In 'yan kasuwa biyu suka saɓa kan bashi, ba kasafai ake fara zuwa kotu ba. Akan kai maganar gaban sarkin Hausawa ko limami, sau da yawa bayan salla a masallatai irin babban masallacin Treichville. A shimfiɗa tabarma, kowa ya faɗi ta bakinsa, dattawa su tsayar da abin da za a biya, a yi musafaha, a shafa Fatiha.